Gani Ya Kori Ji, Amma A San Irin Ganin

Duk wanda ya san zaman 'yan Arewa a Kudu ya san cewa babban burin mafi yawansu bai wuce su ga sun kafa gida a garinsu na haihuwa ba. Ɗan kasuwar shanu a Agege, da dillalin albasa a Mile 12, da mai goro a Shagamu, da maɗinki a unguwar Sabo ta Badun, da direban babbar mota mai jiran lodi a Apapa, kowannensu yana tara abin da Allah ya hore masa yana aikawa gida domin a sayi bulo da siminti da rodi. Galibi mai kuɗin ba ya wurin sa'ad da ake aikin, gama tsakanin Ikko da Kano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, kasuwa kuwa ba ta jiran wanda ya tafi ganin gini. Saboda haka sau da yawa gida yakan kai linta kafin mai shi ya sa ƙafa a ciki, a sa'an nan ne zai tarar ƙofar ɗakin iyali tana kallon zaure, ko kuwa falon da aka ce masa makeke ne ko kujera uku ba zai ɗauka ba. A rushe a sake asara ce, a zauna haka nan kuma takaici ne na tsawon rai.

A zamanin da babu wannan matsala. Mai gida da magini sukan tsaya tare a fili, magini ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa ko da toka, ya ce ga zaure, ga shigifa, ga turaka, ga tsakar gida. Mai gida ya taka ya shiga ya fita, in wani wuri bai yi masa ba ya ce a matsa, nan take a share layin a ja wani, ba a yi hasarar ko tubali ɗaya ba. Zaman ci-rani da zanen takarda su suka raba mai gida da wannan dama. Mutum yana iya riƙe lissafin miliyoyi a kansa, amma a shimfiɗa masa takardar zanen gini ya ga layuka da lambobi kurum, kunya kuma ta hana shi cewa bai gane ba.

To, a 'yan shekarun nan wata dabara ta shigo cikin sana'ar zanen gine-gine wadda za ta iya mayar wa mai gida da damar nan tasa. Akwai manhajojin kwamfuta da ke ɗaukar zanen gini su tayar da shi tsaye a kan allo, da fentinsa da tagoginsa da inuwarsa, har mutum ya riƙa yawo a ciki kamar an gama ginawa. In an ce a faɗaɗa taga ko a juya ƙofa, ana taɓa zanen hoton zai canja a gaban idon kowa. Samarin Arewa da suka karanta zanen gini, waɗanda yanzu ke aiki a ofisoshin Ikko da Badun da Fatakwal ko suka buɗe nasu, da yawansu suna fama da tambayar wacce za su zaɓa. Amsar da suka bayar ba ta tsaya a kansu kaɗai ba, domin a kan hoton da suka fitar ne ɗan kasuwa zai amince ya zuba gumin shekara goma.

Ra'ayin da ya fi dacewa shi ne a zaɓi manhajar da za ta ba mai zane damar gyara gini a gaban mai gida, a kan kwamfutar da yake da ita, da kuɗin da zai iya biya ta hanyar halal. Kyan hoto shi ne abu na ƙarshe da za a duba, ko da yake shi ne abu na farko da masu talla ke nunawa.

YADDA ABIN YAKE

Fitar da hoton gini ta kwamfuta ba sabon abu ba ne. Shekaru da yawa ana amfani da manhajoji irin su V-Ray, na kamfanin Chaos da aka kafa a Sofiya a ƙasar Bulgeriya, waɗanda ke lissafin yadda haske zai faɗa a kan kowane bango da kowane gilashi. Hotonsu yana da kyau ƙwarai, sai dai hoto guda yakan ci mintoci masu yawa ko awoyi, kuma in mai gida ya ce a sake launin fenti sai a koma a sake jira. Sababbin manhajojin sun aro dabararsu ne daga wasannin kwamfuta, inda tilas ne na'ura ta zana hoto 30 ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya domin ido ya ga motsi. Wani sashe na kwamfuta da ake kira katin hoto shi ke ɗaukar wannan nauyi. A 2018 kamfanin Nvidia ya fito da katunan RTX masu iya bin sawun haske cikin sauri, watau lissafin yadda haske ke faɗawa kan abu ya koma kan wani, abin da ya sa hoton nan take ya matso kusa da na jiran awoyi.

Guda huɗu ne suka fi yawo a hannun masu zanen gini. Akwai Lumion, wadda wani kamfani na ƙasar Holan ya fito da ita a 2010, ta yi suna wajen sauƙin koyo da yawan itatuwa da motoci da mutane da ake jerawa kewaye da gini. Akwai Enscape ta birnin Karlsruhe a Jamus, wadda ta haɗe da kamfanin Chaos a 2022. Ita ba ta tsayawa da kanta, tana zama ne a cikin manhajar zanen. Akwai Twinmotion, wadda asalinta daga Faransa ne, kamfanin Epic Games na Amurka, mai wasan Fortnite, ya saye ta a 2019. Sai kuma D5 Render daga birnin Nanjin na ƙasar Sin, wadda aka gina ta tun farko a kan bin sawun haske. Bayan waɗannan akwai Unreal Engine, ita ma ta Epic Games, mai iko fiye da dukansu amma mai wuyar koyo, da kuma Blender, wadda kyauta ce ga kowa, kuma tun 2019 take da sashen nuna hoto nan take mai suna Eevee.

Duk wanda ya jera hotunan tallar waɗannan manhajoji zai ga kowacce ta fi kowacce. Dalili kuwa shi ne gwanaye ne suka yi hotunan, a kan kwamfutoci masu tsada, a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Zaɓe ta hanyar hoton talla daidai yake da sayen kifi a ruwa. Akwai ma'aunai biyar da suka fi wannan amfani.

MA'AUNI BIYAR

Na farko shi ne haɗi da ainihin zanen. Mai zanen gini yana aikinsa ne a cikin manhajoji irin su Revit ko ArchiCAD ko SketchUp, a nan ne awon kowane ɗaki da kaurin kowane bango suke, daga nan ne kuma takardar da za a miƙa wa birkila take fitowa. In manhajar hoto tana haɗe da zanen kai tsaye, duk gyaran da aka yi a zane zai bayyana a hoto. In ba ta haɗe ba, tilas a kwashe ginin a kai shi wani wuri a yi masa ado, kuma daga ranar an sami gida biyu, na hoto da na takarda, waɗanda kullum suna ƙara nesa da juna. Mai gida ya amince da na hoto, birkila ya gina na takarda, rigima ta tashi. A wannan fanni Enscape ce ta fi kusa, tunda a cikin manhajar zanen take zaune. Lumion da Twinmotion da D5 su ma kowacce tana da nata igiyar haɗi da ake girkawa daban. Abin da ya wajaba shi ne a gwada igiyar da ainihin manhajar da ofis ke amfani da ita, da kuma fitowarta ta shekarar da ke kan kwamfutar, kafin a biya ko sisin kwabo.

Na biyu shi ne kwamfuta da wuta. Kwamfutar ofis ta yau da kullum, wadda ake rubuta wasiƙa da lissafin kaya da ita, ba za ta ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji yadda ya kamata ba, domin ba ta da katin hoto mai zaman kansa. Abin dubawa a jikin kati shi ne girman ma'ajiyarsa, gama a nan ne ginin da itatuwansa da kayan ɗakinsa suke zama lokacin aiki. In ma'ajiyar ta cika, hoto ya riƙa tsayawa yana tafiya, ko manhajar ta rufe kanta a gaban baƙo. Alal misali, katin RTX 3060 na kwamfutar tebur akwai shi da ma'ajiya mai gigabait 12, yana shan wuta wat 170, shi kuwa RTX 4090 mai gigabait 24 yana shan wat 450 shi kaɗai, ban da sauran kwamfutar da allo da na'urar sanyaya ɗaki. Ofishin da ke aiki da ƙaramin janareta ko batirin hasken rana dole ya yi wannan lissafi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa Naira 225 kowane ma'auni a watan Afrilu 2024, wuta ta zama babban kaso cikin kuɗin tafiyar da kowane ofis.

Akwai kuma wani tarko ga masu sayen kwamfutar tafi-da-gidanka. Katin da ke cikinta yana iya ɗaukar suna ɗaya da na kwamfutar tebur, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma da zarar an cire ta daga wuta ta koma kan batiri takan rage gudu domin ta tsimi caji. Wanda ya shirya nuna wa Alhaji gidansa a cikin rumfar kasuwa ya kamata ya gwada hakan a gida tukuna. Mai kwamfutar Apple shi ma ya bincika, domin Lumion da D5 tun asali domin Windows aka yi su.

Na uku shi ne kuɗi, kuma kuɗin nan dala ce ko kuɗin Turai. Zamanin da mutum zai sayi manhaja sau ɗaya ta zama tasa yana wucewa. Kamfanin Autodesk, mai Revit da AutoCAD, ya daina sayar da lasin na dindindin tun 2016, Lumion ma ta koma tsarin haya daga fitowarta ta 2023. Haya kuwa kowace shekara take zagayowa, ko an sami aiki ko ba a samu ba. Wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023, sa'ad da dala take kusan Naira 460 a farashin hukuma, ya ga yadda ta wuce Naira 1,500 a watan Fabrairu 2024, watau kuɗin hayarsa ya ninka fiye da sau uku alhali kamfanin bai ƙara masa ko sisi ba. A nan ne Twinmotion ta yi wa saura fintinkau, domin daga watan Afrilu 2024 Epic Games ya bar ta kyauta ga ɗalibai da duk wanda cinikinsa na shekara bai kai dala miliyan 1 ba, abin da ya haɗa da kusan kowane ƙaramin ofis a ƙasar nan. D5 ma tana da ta kyauta mai iyaka. Sai dai sharuɗɗan kamfanoni suna canjawa, kuma lasin ɗin ɗalibai galibi bai halatta a yi aikin kuɗi da shi ba, saboda haka a karanta sharaɗi a ranar da za a ɗauka.

Wasu za su ce ai duk wannan dogon turanci ne, tunda ana samun kwafin sata a kasuwa da kuɗin da bai kai na buhun siminti ba. Gaskiya ne ana samu, gaskiya ne kuma tsadar dala ce ke tura samari can. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Kwafin sata ba ya samun gyara daga kamfani, igiyar haɗinsa takan ƙi aiki da sabon zane, sau da yawa kuma yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta a ɓoye, a na'urar da ke ɗauke da zanen gidajen mutane da lambobin asusun banki. Bayan haka, hakkin wani ne. Mai sana'ar da ke jin zafi in wani ya kwafe zanensa ya gina ba tare da biya ba, bai kamata ya kafa sana'arsa a kan irin wannan ba, balle yanzu da akwai na halal kyauta.

Na huɗu shi ne gaskiyar wuri, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Waɗannan manhajoji a ƙasashen sanyi aka ƙera su. Taskarsu cike take da itatuwan Turai da ciyawa shar da mutane sanye da rigunan sanyi, har wasunsu da maɓallin saukar da dusar ƙanƙara. Mai neman darbejiya ko kuka ko goruba ko tsamiya sai ya sha wahala, haka nan mai neman jar ƙasa da hazon hunturu sai ya yi dabara. Shi ya sa ake ganin hoton gidan da za a gina a Gusau ko Azare yana zaune cikin koren lambu kamar a Ingila, da tagogin gilashi tun daga ƙasa har sama. Kyan ɗan maciji ke nan. Gilashin da ya yi kyau a allo shi ne zai mayar da ɗaki tanda a watan Afrilu, ya kuma sha ƙura a watan Janairu.

Alhali kuwa dukan manhajojin nan huɗu suna da abin da zai hana wannan kuskure, in an yi amfani da shi. Ana iya gaya musu garin da ginin yake, da inda arewa take, da wata da rana da sa'a, su kuwa su ajiye rana a daidai inda za ta kasance. Kano tana wajen daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, Ikko tana tsakanin 6 da 7, saboda haka inuwar gida ba ɗaya ba ce a garuruwan biyu. A Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana tsaka tana karkata ne ta arewa, sauran watanni kuma ta kudu. Mai zanen da ya zauna da mai gida ya nuna masa yadda ranar la'asar za ta doki bangon yamma, inda aka sa ɗakin kwanan tsohuwa, ya yi masa aikin da ya fi hoton mota mai tsada a ƙofar gida. Manhajar da ta sauƙaƙa wannan, ta kuma yarda a shigo da hoton tayil da bulo da kwanon rufi irin na kasuwar gida, ta fi wadda ke da itatuwa dubu da ba sa tsirowa a Arewa.

Haka batun sutura. Gidan Bahaushe an tsara shi ne yadda baƙo zai tsaya a zaure ba tare da idonsa ya kai tsakar gida ba. A takarda wannan yana da wuyar ganewa, amma a manhajar nan take abu ne na minti ɗaya: a tsayar da kallo a bakin ƙofa daidai tsayin mutum, a duba abin da ido ke hangowa; a hau benen maƙwabci a leƙo; a tsaya a tagar falon baƙi a ga ko tana kallon madafa. Ana iya duba inda alƙibla take domin kada banɗaki ya fuskance ta. Waɗannan su ne tambayoyin da mai gida zai yi da a ce yana tsaye a filin, kuma amsa su shi ne babban amfanin manhajar.

Na biyar shi ne yadda aikin zai isa hannun mai shi. Mai gida yana Idi-Araba, fili yana Funtuwa, mai zane wataƙila yana Kaduna. Abin da ke hannun mai gida waya ce, da intanet na awo. Bidiyo mai nauyi yakan cinye masa kuɗi, WhatsApp kuma ya matse shi har ya dusashe. Enscape da Twinmotion da sauransu suna iya fitar da hoto mai kewayawa, wanda mutum zai buɗe a waya ya juya ta ko'ina kamar yana tsaye a tsakiyar ɗaki. Ya kamata a gwada wannan a kan waya mai araha, ba a kan ta mai zane ba. A kuma lura cewa wasu manhajojin suna bukatar intanet kafin su buɗe, wasu kuma kayan adonsu a intanet suke, sai an sauko da su ɗaya bayan ɗaya.

HUKUNCI

In aka auna da waɗannan ma'aunai, hanya a fili take. Matashin da ya fara sana'a, ko ƙaramin ofis mai mutum biyu ko uku, ya fara da Twinmotion, ya zuba kuɗin da zai biya haya a kan katin hoto mai isasshiyar ma'ajiya da batirin da zai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Ofishin da aikinsa kullum a cikin Revit ko ArchiCAD yake, mai yawan zama da masu gida ana gyara tare, kuma yana da cinikin da zai ɗauki hayar shekara, Enscape za ta biya shi kuɗinsa. Wanda sana'arsa ita ce fitar da hotuna da bidiyon talla ga masu gina rukunin gidaje, shi ne ke da dalilin duba Lumion ko D5. Unreal Engine kuwa a bar wa wanda ke da watanni na koyo da babban aikin da zai biya su. Kowacce aka nufa, a karɓi ta gwaji a sa mata wani gini na gaske da ofis ya taɓa zanawa, a ga yadda za ta yi a ranar da wuta ke wasa. Kuma a tsaya a kan guda ɗaya a ƙware, domin mai bin kowace sabuwa ba ya gwanancewa a ko ɗaya.

Akwai masu cewa kyan hoto shi ke kawo ciniki, wanda ya tsaya nuna inuwa da awo wani zai ƙwace masa aiki da hoto mai walƙiya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ido yana son ado. Amma jama'ar zango a tare suke zaune, a masallaci ɗaya suke salla, labari kuma ba ya kwana. Ranar da Alhaji ya je gida ya tarar abin da aka gina bai yi kama da abin da ya gani a waya ba, duk layin kasuwarsu zai ji sunan wanda ya zana. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

ABIN DA MAI GIDA ZAI NEMA

Shi ma mai gida yana da nasa aiki, ko da bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Ya sani cewa hoto yana iya ruɗi ba tare da an yi ƙarya ba. In aka buɗe kusurwar kallo da yawa, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 zai yi kama da zauren taro. In aka sa ƙananan kujeru, falo zai yi faɗi. In aka ɗauki hoto daga sama kamar tsuntsu, ba za a ga cewa gidan ya cika fuloti har babu wurin shanya ba. Yanzu kuma an ƙara wa manhajoji dabarar ƙirƙirarriyar basira mai ƙawata hoto, wadda takan ƙara abin da babu shi a zane sam. Saboda haka mai gida ya nemi a nuna masa gidan daga tsayin idon mutum, a rubuta awon kowane ɗaki a jikin hoto, a sa gado da kujeru masu girman na kasuwa, a nuna masa safe da rana da la'asar. Ya nemi a gyara wani abu a gabansa, ko da ta kiran bidiyo ne; in aka ce sai gobe, alama ce hoton ba ya haɗe da zanen. Ya kuma tambayi kuɗin kowane ado da ya gani, domin dutsen ado da fitilun da aka jera a allo kyauta ne, a kasuwa kuwa ba kyauta ba ne.

Abu mafi muhimmanci shi ne a san iyakar hoto. Manhajar nan ba ta auna ƙarfin ƙasa, ba ta ƙidaya rodi, ba ta san ko ginshiƙi zai ɗauki bene ba. Za ta nuna bene mai hawa goma tsaye a kan sandar rake, ya yi kyau kuma. Mazauna Ikko ba su manta da ranar 1 ga Nuwamba 2021 ba, sa'ad da wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ya rufta ya kashe mutum fiye da 40, yawancinsu ma'aikata masu neman abinci. Ƙarfin gini aikin injiniya ne mai rajista da hukumar COREN, tsarinsa kuma aikin mai zane ne mai rajista da hukumar ARCON, wadda aka kafa da doka ta 10 ta 1969. Iya sarrafa Lumion bai mayar da kowa mai zanen gini ba, kamar yadda iya ɗaukar hoton asibiti bai mayar da mutum likita ba. Kafin a haƙa harsashi a ga takardun zane masu awo da hatimi, da izinin hukumar tsara gari ta jihar da filin yake.

Daga ƙarshe, akwai kira ga sassan koyar da zanen gini na jami'o'in Arewa, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci. Babu wani kamfani na Holan ko na Sin da zai zauna ya ƙera zanko da azara da indararo da bangon makuba da itacen darbejiya domin taskarsa. Ɗalibai ne za su iya wannan, a tara a wuri ɗaya, kowane mai zane ya ɗauka kyauta. Ƙasar da ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai dace 'ya'yanta su riƙa nuna gidajensu cikin aron itatuwan wasu ba. Sarakunan Hausawa na zango-zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ma suna iya gayyatar masu zane masu rajista su yi wa jama'a bayani, domin mutum ya san abin da zai tambaya kafin ya aika da kuɗi.

Allah ya sa gumin 'yan ci-rani ya zama inuwar da za su huta a ciki, su da iyalansu, amin.